Me ake nufi da haɗin gwiwar ƙananan hukumomi? Bayani daga Ikko

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, maganar 'yancin ƙananan hukumomi ta cika kafafen yaɗa labarai. A gefenta kuma akwai wata magana da ke yawan fitowa daga bakin masana tsara birane, wato haɗin gwiwar ƙananan hukumomi. Da yawa idan suka ji ta sai hankalinsu ya tafi kan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, wanda kuma a kansa aka je kotu. Ba shi ba ne. Wancan asusu tsakanin babba da ƙarami yake, gwamna a sama, ciyaman a ƙasa. Wannan kuwa tsakanin tsara da tsara ne.

Abin da ake nufi shi ne ƙananan hukumomi biyu ko fiye, galibi maƙwabtan juna, su ƙulla yarjejeniya a rubuce kan wata matsala da ta tsallake iyakar kowacce, kowa ya kawo abin da zai iya, kuɗi ko ma'aikata ko fili, sannan a naɗa waɗanda za su riƙe aikin su riƙa bayar da bahasi. Ba haɗe hukumomin ake yi ba. Kowacce tana nan da ciyaman ɗinta da kansilolinta da kasafin kuɗinta. Akwai mai sauƙi, kamar a sayi motar yashe kwalbati guda a riƙa karɓa-karɓa. Akwai mai nauyi, inda ake kafa hukuma ta dindindin mai ofis da asusu nata. Kada a ɗauke shi kamar aikin gayya, a fito rana ɗaya a yi noma, a ci tuwo a watse. Idan babu takarda, babu kuɗin da aka ware duk shekara, babu wanda za a riƙe in aiki ya tsaya, to ziyarar sada zumunta aka yi kawai.

Legas, wato Ikko, ita ce wurin da aka fi ganin buƙatar wannan abu ƙarara. Kundin tsarin mulki ya san ƙananan hukumomi 20 ne a jihar. A 2003 gwamnatin jihar a ƙarƙashin Bola Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka tafi kotu. A Disambar 2004 Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da hurumin riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin kundin. Har yau ba a shigar da su ba, su ne ake kira LCDA, wato yankunan raya ƙananan hukumomi, kuma sai a zamanin Umaru 'Yar'aduwa aka saki kuɗin. Ke nan gari guda ne aka yanyanka gida 57. Wanda ya taso daga Agege ya bi Ogba ya shiga Ikeja bai ga daji ko gona a tsakani ba, gida ne manne da gida. Ɗan kasuwarmu yana kwana a Agege, ya yi sammako zuwa Mile 12 ya sari tumatir da albasa, ya sayar a Oshodi ko Mushin. Kafin azahar ya ratsa hukumomi huɗu ko biyar, ba tare da ya san inda wata ta ƙare wata ta fara ba, sai fa idan masu yankar tikiti sun tare shi.

A ɗauki ruwan sha. Tun 1915 aka buɗe matatar ruwa ta Iju, daga baya aka ƙara ta Adiyan, kuma kogin Ogun suke zuƙa ta wajen Akute, cikin jihar Ogun. Ruwan kogin kuma yana da alaƙa da madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, wadda ke hannun hukumar tarayya mai kula da kogunan Ogun da Osun. Idan aka buɗe madatsar da damina, mutanen Isheri da Kara da Agiliti da Owode ne ke kwashe katifu. Alƙaluman da aka daɗe ana ambatawa sun nuna matatun Hukumar Ruwa ta Legas ba su wuce ƙarfin galan miliyan 210 a rana ba, alhali buƙatar gari ta kai miliyan 540. Giɓin nan rijiyar burtsatse ce ke cike shi, da motocin tanka, da 'yan'uwanmu 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki unguwa-unguwa.

Wani zai ce, to ina ruwan ƙaramar hukuma, tunda famfo na jiha ne? Ruwanta yana nan. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora mata magudanan ruwa na cikin unguwa, da banɗakunan jama'a, da kwashe shara da ƙazanta. Waɗannan su ne ke yanke hukunci kan ko ruwan da ke cikin jarka mai tsabta ne ko a'a. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san allon sakatariya ba. Idan wata hukuma ta kau da kai ana haƙa masai kusa da rijiyar da ake sayar da ruwanta, kura za ta kai wannan ruwan unguwar maƙwabciyarta. Idan ta sama ta yashe magudanarta ta ƙasa ba ta yashe ba, ruwa zai dawo ya kwanta a ƙofar gidajen waɗanda suka yi aikin. Kwalarar da ta ɓarke a Yunin 2024 ta fi tsanani a Tsibirin Legas, amma ba a can ta tsaya ba. Haɗin gwiwa a nan ba ya buƙatar biliyoyi: rajista guda ta rijiyoyin da ake sayar da ruwansu, jami'an duba-gari masu aiki da ma'auni ɗaya, da jadawalin yashe magudana daga sama har inda ta faɗa cikin tafki.

Batun ƙasa ya fi sarƙaƙiya, domin a nan hannun ciyaman gajere ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen jiha ga gwamna a matsayin amana. Filin cikin birni yana ƙarƙashinsa kai tsaye, ƙaramar hukuma kuwa ikonta na bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara ya tsaya. A 2003 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Legas cewa tsara birane hurumin jiha ne. Saboda haka takardar mallakar fili da izinin gini daga Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, suke fitowa. Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi shi ne kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu. Ko a nan akwai abin haɗa kai. Hukumomin tsakiyar gari kamar Mushin da Surulere suna da jama'a da kuɗin shiga amma fili ya ƙare musu, su Epe da Badagry da Ikorodu kuma suna da sauran fili. Duk wanda ya taɓa yin ɗawainiyar binne mamaci a garin nan ya san maganar maƙabarta ba ƙarama ba ce. Ga wanda zai iya ba da fili, ga wanda zai iya biya, amma sai an zauna an rubuta wa zai katange, wa zai biya mai gadi, kuma mamatan wace unguwa za a karɓa.

Inda rashin haɗin kai ya fi ciwo shi ne maganar marasa matsuguni. Yawancin masu kwana a titin Legas ba daga sama suka faɗo ba, akwai waɗanda rusau ne ya fito da su. An rushe Maroko a 1990 zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, mutum wajen 300,000 suka watsu. An taɓa wani sashe na Makoko a 2012, Badia ta gabas a 2013, Otodo Gbame a 2016 da 2017 inda aka raba wajen mutum 30,000 da muhallinsu, sai Tarkwa Bay a farkon 2020. Katafila tana aiki a hukuma ɗaya, mutanen kuma suna wayar gari a wata. A 2024 gwamnatin jiha ta sanar da gano ɗakuna 86 da aka yanyanka a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, ana karɓar hayar naira 250,000 a shekara. An rushe su. Waɗanda ke ciki dai dole daren ranar sun kwana a wani wuri.

To, ga yadda lissafin kowane ciyaman yake tafiya. Idan ya gina gidan kwanan marasa galihu shi kaɗai, labari zai bazu, na maƙwabta su tuɗaɗo masa, kuɗinsa ya ƙare. Idan kuwa ya tura jami'ai suka kore su daga ƙarƙashin gada, ya kashe kaɗan, hoto ya yi kyau, matsala ta koma gaba. Kowa ya iya allonsa ya wanke. Mai kwana a tasha kuma sau da yawa ba shi da katin zaɓe na wannan mazaɓa, ba shi da lambar gida, babu kansilan da zai rasa kujerarsa saboda shi. Alhali jadawali na huɗun nan ya ambaci gidajen gajiyayyu da naƙasassu a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabartu. Wuraren da aka sani, kamar gidan Okobaba a Ebute Metta inda 'yan Arewa masu lalura suke da yawa, da cibiyar Majidun ta Ikorodu, ba za su ɗauke garin nan ba. Ƙarshen wannan turereniya mun gan shi a 2013, lokacin da aka ɗebi wasu marasa galihu aka sauke su a Onitsha, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har Gwamna Fashola ya ba da haƙuri. Masu acaɓa ma sun ɗanɗana irin wannan: da aka hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, baburan ba su ɓace ba, kuma cikin wata uku aka ƙara wasu huɗu a kan haramcin.

A wasu ƙasashe abin ya daɗe da zama doka. Faransa tana da ƙananan hukumomi wajen 35,000, kuma tun 1890 doka ta ba su damar kafa ƙungiyoyin haɗaka don ruwa da makamantansa. A kudancin Kalifoniya ta Amurka, birane sun haɗu a 1928 suka kafa hukumar ruwa guda, wadda yanzu take kai ruwa ga mutum wajen miliyan 19. Amma ba duka ke yin armashi ba. Birnin Los Angeles da gundumarsa sun kafa hukumar haɗaka ta marasa matsuguni a 1993, sai ga shi a 2025 gundumar ta yanke shawarar janye kuɗinta saboda ƙorafi kan yadda ake lissafin abin da aka kashe. Wannan shi ne raunin irin waɗannan hukumomi: ba jama'a suka zaɓe su ba, kuma idan abu ya lalace kowane ɓangare yana da wanda zai nuna wa yatsa.

Legas hanyar sama ta bi. Maimakon hukumomi su haɗu da kansu, jiha ce ta kafa manyan hukumomi da suka rufe gari baki ɗaya, LAWMA a kan shara, LAMATA a kan sufuri. In za a yi adalci, wannan ya yi rana. Motocin bas na BRT masu hanyarsu ta musamman da suka fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS a 2008 da wuya su tashi in da sai an jira sa hannun kowane ciyaman da titin ya ratsa yankinsa. A Mayun 2021 ma gwamnonin Legas da Ogun, Babajide Sanwo-Olu da Dapo Abiodun, sun sa hannu kan kafa hukumar raya yankunan kan iyaka, domin su Mowe da Ibafo da Akute da Sango-Ota sun riga sun zama ɗakin kwanan ma'aikatan Ikko. Sai dai duk wannan aikin gwamnoni ne. Ciyamomin suna da zaurensu da ake kira Conference 57, amma zauren tattaunawa daban, asusun aiki daban.

A ganina abin da ya fi tare hanya shi ne tikiti. Kuɗin shigar ƙaramar hukuma daga kasuwa da tasha da mai kura da mai baro yake fitowa, kuma kowace iyaka wata dama ce ta sake karɓa. Yarda da tikiti guda da zai yi aiki a Agege da Orile-Agege da Ifako-Ijaiye yana nufin wani ya haƙura da wani kaso, shi ya sa ake jin daɗin maganar a taro, a ƙi ta a aljihu. Sannan hukuncin 2024 ya zo da tasa tambayar: kuɗin tarayya da sunan hukumomi 20 yake fitowa, masu ci kuma 57 ne. Alimosho kaɗai tana da LCDA biyar da suka fita daga jikinta. Ko sun so ko sun ƙi, sai sun zauna kan yadda za a raba.

Bambancin jam'iyya dai ba zai zama uzuri a nan ba, domin a zaɓen 12 ga Yulin 2025 jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyaman 57 ɗin gaba ɗaya. Saboda haka idan Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa suka samu zama da ciyaman, ya ce musu yana haɗin gwiwa da maƙwabtansa kan magudana ko wurin kwanan gajiyayyu, suna da hurumin su ce: Ranka ya daɗe, a nuna mana takardar, a faɗa mana nawa kowace hukuma ta sa a kasafin bana, da sunan jami'in da za mu nema idan damina ta sauka ba a yashe ba.