Ƙuduri na 1325: abin da ya faɗa kan mata da sulhu, da abin da ake jingina masa

Akwai saƙon murya da ke yawo a wayoyin mutanen Birnin Kebbi da Argungu da Jega, wai Najeriya ta sa hannu a wata "dokar mata" ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda za ta karɓe ikon miji a gidansa, ta daidaita rabon gado, kuma jihar da ta ƙi bi a yanke mata tallafi. Mai maganar har lamba ya kawo, 1325. Lambar gaskiya ce, sauran duk ƙari ne. Tun hayaniyar yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, a 2024, da an haɗa "mata" da "ƙasashen waje" a jimla ɗaya sai hankalin jama'a ya tashi, shi ya sa ya kamata a buɗe takardar a ga abin da ke ciki.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya zartar da ƙudurin ranar 31 ga Oktoba, 2000, ƙasashe 15 ɗin da ke kwamitin duk suka amince, kuma Namibiya, ƙasar Afirka, ita ke jagorancin zaman a wannan wata. Sakin layi 18 ne, babu aure a ciki, babu saki, babu gado. Maganarsa a kan yaƙi ce da sulhu: a ƙara yawan mata a wuraren da ake yanke shawarar hana rikici da kashe shi, a naɗa mata jakadu da wakilai na musamman, a kare mata da 'yan mata daga fyaɗe, a lura da buƙatunsu a sansanin 'yan gudun hijira. Da gwamnatoci yake magana, da Babban Sakatare, da masu shiga tsakani, da duk wanda ya ɗauki makami. Magidanci a Gwandu ba ya cikin jerin.

Batun hukunci shi ne inda mai saƙon ya fi kauce wa hanya. Ƙudurin bai tanadi tara ko ɗauri ko takunkumi ba. Ba a kafa shi ƙarƙashin Babi na 7 na kundin Majalisar ba, wanda shi ne babin tilastawa, don haka kira yake yi da jan hankali. A nan gida kuma, Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ko yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar kawar da wariya ga mata da Najeriya ta amince da ita tun 1985 har yau ba ta tsallake wannan mataki ba, kuma Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi a Maris 2016, bisa hujjar addini da al'ada. Aure da gado da wasiyyar Musulmi suna hannun kotunan shari'a, Sashe na 277 ya faɗi haka. Abin da Najeriya ta yi kan 1325 shi ne tsarin aiki na ƙasa, wanda Ma'aikatar Mata ta fitar a 2013, ta sabunta a 2017. Tsari ne na ma'aikatu, ba a kai kowa gaban alƙali da shi.

Ni abin da ke damuna ma shi ne wannan rashin haƙoran. A duba sakin layi na 11. Ya ce alhakin kowace ƙasa ne ta gurfanar da masu manyan laifukan yaƙi, har da fyaɗe, kuma kada afuwar da ake yi bayan sulhu ta rufe irin waɗannan laifuka, "inda hakan zai yiwu". Wa ke yanke cewa zai yiwu ko ba zai yiwu ba? Waɗanda ke zaune a teburin. Mun ga sulhun da gwamnatin Zamfara ta yi da 'yan bindiga a 2019, mun ga makamantansa, kuma zaman galibi na hakimai ne da jami'an tsaro da shugabannin ɓangarori, maza zalla. Ana tattauna shanu da makamai da buɗe kasuwa. Matar da aka yi wa fyaɗe a hanyar gona, wadda za ta ci gaba da haɗuwa da wanda ya yi mata a kasuwar da aka buɗe, ba a tambaye ta ko ta yafe ba. Bayan wannan sulhu aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin shekarar. Iyayen yaran nan mata sun fi kowa sanin abin da ake nufi da tsaro.

Hujjar masanan da ke nazarin matsayin mata a hulɗar ƙasashe ke nan: in ana auna tsaro da iyaka da bindiga kawai, ba za a ga rabin waɗanda shawarar ke faɗa wa a kai ba. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, a Abuja aka yanke, amma masu ƙananan sana'o'i a Kamba da matan da ke da 'yan'uwa a Gaya da Dosso su suka sha wahalar har zuwa Maris 2024. A yaƙin Laberiya, a 2003, matan ƙasar Musulmi da Kirista ne suka tare ƙofar zauren taron sulhu a Accra ta ƙasar Ghana, suka ce madugan yaƙi ba za su fita ba sai an daidaita, kuma Janar Abdulsalami Abubakar ne mai shiga tsakani. A watan Agusta aka sa hannu. Wanda ke ganin shawarar mace a lamarin sulhu baƙon abu ne, ya tuna shawarar da Ummu Salama ta ba Manzon Allah (SAW) a Hudaibiyya, lokacin da sahabbai suka yi jinkirin yanka da aski.

Ana kuma cakuɗa 1325 da abin da Suwidin ta ayyana a 2014, wato manufar hulɗa da ƙasashen waje mai fifita 'yancin mata. Wannan zaɓin ƙasa ɗaya ne, wasu kaɗan suka bi, ita kanta Suwidin ta ajiye sunan a 2022 da gwamnati ta sauya. Najeriya ba ta taɓa ayyana irinsa ba. Abin da muka yi shi ne manufar jinsi ta 2006 mai neman kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, wadda Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a aiwatar a Afrilun 2022, kuma naɗe-naɗen ba su kai ba.

Mu a Kebbi ba sai mun je nesa neman misali ba. Hajiya Salamatu Hussaini Suleiman, haifaffiyar Argungu, ta riƙe ƙaramar ministar harkokin waje, daga 2012 kuma ta zama kwamishinar siyasa da zaman lafiya da tsaro ta ECOWAS, a lokacin da rikicin Mali ke ci. Irin wannan kujera 1325 ke nema wa mata, daga can sama har zuwa kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma a Zuru ko Danko-Wasagu, inda ake yanke ko makarantar kwana ta 'yan mata za ta buɗe, da wanda zai yi gadinta.