Cizon da Yaro Ya Ɓoye Don Kada a Kashe Masa Kare

Abu ɗaya muke ta gani a ɗakin shan magani, kuma ya kai mu maƙura. Za a kawo yaro ɗan shekara 13 ko 15, hannu ko ƙauri ya kumbura, an naɗe da tsumma, ciwon har ya fara ruwa. Ka tambaye shi me ya same shi, ya ce langa-langa ce ta yanke shi, ko waya ce ta karce shi a filin ƙwallo. Ka kwance tsumman sai ka ga huji biyu a jere, tazararsu daidai da tazarar fiƙoƙi. Langa-langa ba ta huji biyu. Sai ka roƙi mahaifin ya ɗan jira a waje, ka rage murya, sannan yaron zai sunkuyar da kai ya ce ai karensa Duna ne, kuma wallahi ba da gangan ya yi ba, wasa suke yi. Yaushe abin ya faru? Yau kwana tara. Wani ma mako uku.

Mun san abin da ya sa kuke ɓoyewa, samari. Tun yana kwikwiyo idonsa bai gama buɗewa ba ka ɗauko shi. Kai ka ba shi koko a murfin gwangwani, kai kake rage masa tuwon dare kana ɓoyewa a leda, kai kake zama da shi kana cire masa kaska ɗaya-ɗaya daga cikin kunne. Baba ya ce kare ba zai kwana masa a gida ba, ka yi masa wuri a kangon bayan layi ko a bukkar gona. Fitonka kawai yake ji ya taso da gudu ko da yana cikin karnuka ashirin. Da rani in an fita farauta, shi ne abin alfaharinka a gaban abokai. Ranar da aka yi maka faɗa a gida, wurinsa kake tafiya ka zauna. Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan shaƙuwa. To kana sane da cewa in ka buɗe baki ka ce ya cije ka, kafin magariba yayyenka sun fita da gora, ko an kira masu sayen karnuka sun tafi da shi a buhu. Shi ya sa kake ja bakinka ka yi shiru.

Wannan shirun shi ne yake kashe yara. Ciwon haukar kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum, babu asibitin da zai dawo da shi, a nan ko a Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma cikin kowane goma, huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Abin takaicin kuma, tun 1885 ake da rigakafin abin, shekarar da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya yayyaga shi, yaron ya rayu. Sharaɗinta ɗaya ne, a yi ta kafin cutar ta isa ƙwaƙwalwa. Kowace rana da ka ƙara kana ɓoye ciwo a ƙarƙashin doguwar riga, hanya kake ba ta.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne ciwon yana warkewa. Ya yi ɓawo, ya bushe, ya zama tabo, kowa ya manta. Cutar kuwa takan kwanta wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda kacal, wani lokaci har ta doshi shekara. Sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi, tsohon tabon yana masa ƙaiƙayi ko zugi. Kwana biyu ya fara firgita. Ƙishirwa na cinsa, a miƙo masa kofin ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture kofin. Iskar fanka ma ta razana shi. A nan ne dangi za su ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo da shi, don babu wanda ya san an taɓa cizonsa. Lokacin da abokinsa zai tuna ya ce ai kwanaki karensa ya kama masa yatsa, sai dai a yi ta addu'a.

Kada wani ya ce min ai karen gida ne, na san shi, lafiyarsa ƙalau. Ka san inda ya kwana shekaranjiya? Ka san da wane kare ya yi faɗa a bola, ko me ya kama shi a daji ranar farauta? Kuma ba kowane mai ɗauke da cutar ne yake bin mutane da gudu yana kumfa ba. Akwai wanda sanyi yake yi. Ya daina cin abinci, ya laɓe a lungu, muryarsa ta dishe, haɓarsa ta saki, miyau na dalala. Mai shi ya gan shi haka tausayi ya kama shi, ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya buɗe bakin ya zura hannu har wuyan hannu yana lalube. Hannun nan kuwa akwai yankan reza, akwai kaushi da ya tsage. Don Allah ku daina wannan. Kare in ya saki baki yana zubar da miyau, a ɗaure shi daga nesa a kira malamin dabbobi. Kwikwiyo ma yana ɗaukar cutar, musamman irin waɗanda ake tsintowa a kwalbati ba a san uwarsu ba, ga shi su ne suka fi yawan tauna yatsa da sunan wasa.

Haka masu miƙa wa kare gwiwa ya lashe musu ciwon da suka ji a ƙwallo, wai miyansa magani ne. A cikin miyan cutar take. Lasa a kan fatar da ta fashe, a wurinmu, daidai take da cizo. Yakushin da ya kware fata ko bai yi jini ba, shi ma sai an yi allura.

Yanzu ku, iyaye. Ni ban zo in ce a bar kare ya kwana a tsakar gida ba, kowa da tsarin gidansa, kuma malamai sun yi bayanin kiwon kare don farauta da gadin gona da dabbobi. Abin da nake cewa shi ne, in yaro ya san faɗar gaskiya za ta jawo masa bulala ta kuma jawo wa karensa mutuwa, ba zai faɗa ba. Ko ku ne a shekarunsa, ba za ku faɗa ba. Malam, ka kira ɗanka yau, tun babu abin da ya faru, ka ce masa duk ranar da kare ya cije shi ko ya yakushe shi, nasa ko na wani, ya zo ya gaya maka a lokacin, ba duka ba zagi. Hajiya, ke kike ganin wankinsa. In kin ga jini a hannun riga ko ƙafar wando ta yage a wuri biyu, ki tambaya da lallashi.

Kashe karen nan take ma kuskure ne ta fuskar aikinmu. Karen da ya yi cizo, in ba ya nuna alamar ciwo, ɗaure shi ake yi kwana 10 cur, da sarƙa mai ƙarfi, a inda yara ba sa zuwa, ana tura masa abinci da ruwa. In yana da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon, cikin kwanakin nan zai nuna alama ko ya mutu. In ya cika kwana 10 garau yana ci yana sha, hankali ya kwanta, kuma ma'aikacin lafiya zai iya yanke shawarar tsayar da sauran allurai. Kun ga ke nan, samari, faɗar gaskiya da wuri ita ce ma take tsirar da karen. Amma ba a zama jiran kwana 10 kafin a fara allura. Ana farawa a ranar, ana kallon kare a gefe.

Ga abin yi da zarar an yi cizo:

1. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 da agogo. Ko sabulun wanki ne. In babu famfo, wani ya riƙa zubawa da buta ana cuɗawa, buta ta ƙare a sake cikawa.
2. A shafa aidin in akwai. Ban da toka, gishiri, barkono, man birki, ko gashin karen da ake ƙonawa a barbaɗa. Gashin nan bai taɓa warkar da kowa ba, datti kawai yake cusawa.
3. Kada a ɗaure ciwon tam, kada a bar kowa ya yi saurin ɗinke shi.
4. A tafi asibiti a ranar, a faɗa musu ƙarara cewa kare ne.

Wajen allura ma akwai inda ake tafka kuskure. Da yawa suna tsayawa a kemis a yi musu allurar tetanus guda ɗaya, a ba su kafso, su koma gida suna cewa an yi rigakafi. Ta tetanus tana da amfaninta, amma ba ta taɓa cutar haukar kare ko kaɗan. Ta haukar kare daban take, a firji ake ajiye ta, kuma a dantse ake yin ta, ƙananan yara a cinya, ba a ɗuwawu ba. Tsarin da aka fi sabawa da shi sau biyar ne: ranar farko, sai bayan kwana 3, kwana 7, kwana 14 da kwana 28. Wasu asibitocin suna bin gajeren tsari na cikin fata da ke ƙarewa a mako guda. Duk wanda aka rubuta maka a kati, ka bi shi har ƙarshe. Masu karɓar biyu su ɓace saboda ciwo ya bushe, ku ma kuna cikin waɗanda nake yi wa wannan faɗa. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska yake, ko wuya, ko yatsu, akwai wata allura ta biyu da ake yi a cikin ciwon da kewayensa, imunogulobulin. Ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma bayan kwana 7 da fara rigakafi ba a yin ta, don haka a nemi takardar turawa babban asibiti tun ranar farko.

Wanda yake karanta wannan yana da tabon da ya ɓoye tun watan jiya, bai makara ba muddin alamu ba su fara ba. Ka tashi ka je yau. Ba za mu yi maka tsawa ba, allura za mu fara.

In karen ya mutu cikin kwanakin ɗauri, ko dole ta sa aka kashe shi, kada a farfasa kan, kada a feɗe shi, kada a sayar. A kira ma'aikatan dabbobi, su suka san yadda ake cire kai a sa a ƙanƙara a aika ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Duk wanda karen ya ciza ko ya lasar wa ciwo a kwanakin, a lissafo shi, har abokan da suke rakiya zuwa kangon.

Kai kuma mai kare, ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukar kare da ya cika wata uku, a maimaita duk shekara, ka karɓi kati ka adana shi a leda. Kuɗinta bai kama ƙafar abin da za a kashe wa mutum ɗaya da aka ciza ba. Kada ka yarda da mai yawo da kwalba a aljihu cikin rana, allurar da ta yi zafi ta mutu. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma a kusa da lokacin jihohi da dama kan yi wa karnuka allura kyauta, sai ka tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Ku haɗa kai da sauran 'yan farauta ku kai naku rana ɗaya, don sai an yi wa bakwai cikin kowane goma na karnukan gari kafin cutar ta daina zagayawa a tsakaninsu. In baƙon kare ya yi faɗa da naka ya ji masa ciwo, sa leda a hannu kafin ka wanke masa, ka ɗaure shi, ka kai rahoto ko da katinsa na bana ne.