Waiwaye: Yadda Tukuicin Ma'aikatan Jirgin Ruwa Ya Rikiɗe Ya Koma Albashi

Iyali mai mutum huɗu da suka yanki tikitin kwana bakwai a jirgin yawon shaƙatawa na kamfanin Royal Caribbean za su tarar da wani kuɗi da ba ya cikin farashin da aka tallata musu. A watan Nuwamban 2024 kamfanin ya kai abin da yake rubuta wa kowane fasinja na ɗakin gama-gari zuwa dala 18.50 a rana, da sunan tukuicin ma'aikata, babba da yaro duk ɗaya. In ka lissafa, dala 518 ke nan kafin su sauka. Kamfanin Norwegian ya kai nasa dala 20 tun farkon 2023. Ko lemo ka saya a cikin jirgin, sai an ɗora kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗinsa. Ba wanda ya miƙa wa wani komai hannu da hannu, ba a kuma ji "na gode" ba. Kwamfuta ce ke cirewa daga katin banki.

A wajenmu, yaron da aka aiko da kyauta ake ba tukuici, kuma ba wanda ya taɓa tsammanin da shi zai ci abinci har ƙarshen wata. A jirgin ruwa kuwa, mai gyaran ɗaki da mai kai abinci da wannan kuɗi suke riƙe gidajensu a Manila ta Filifin da Bali ta Indonesiya da Goa ta Indiya. Kafin a zo nan an yi tafiyar shekara kusan ɗari uku, kuma a tudu aka faro ta.

A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18, baƙon da ya ci abinci ko ya kwana a gidan wani mai sarauta ba ya fita haka nan. Barorin gidan kan jeru a bakin ƙofa, wannan ya miƙo masa hula, wancan sanda, wani kuma alkyabba, kowa da abin da yake jira a damƙa masa. Abin ya yi tsanani har masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa gudun amsa gayyatar manya, don cin abinci a gidan aboki ya fi na kasuwa tsada. Masu gida kuma da suka ga baƙi na ciyar musu da barori, sai suka daina damuwa da ƙarin albashi. A 1760 manyan Edinburgh a Sikotland suka yi shawarar kashe al'adar su ƙara wa barori albashi, abin ya bazu har Landan. A 1764 barori suka yi bore a lambun shaƙatawa na Ranelagh, suka farfasa fitilu suna jifan iyayen gidansu. Tun a wancan lokaci rigimar ɗaya ce da ta yau: wa ya kamata ya biya ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ko wanda aka yi wa hidima?

Amurka, wadda yanzu ta fi kowa suna a harkar, da farko ƙyamar abin take yi. Ana ganin miƙa wa ɗa mai 'yanci 'yan sulalla tamkar mayar da shi bara ne. Bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, attajiran da ke zuwa yawo Turai suka dawo da al'adar don a san sun waye. Wanda ya mayar da ita tsarin kasuwanci kuwa shi ne George Pullman, mai taragun kwana na jirgin ƙasa. Ya ɗebi baƙaƙen fata, da yawansu 'yantattun bayi, ya sa su hidimar fasinjoji: shimfiɗa gado, ɗaukar kaya, goge takalma cikin dare da man da suka saya da kuɗin aljihunsu. Fasinjoji ba sa ma tambayar sunansu, kowa "George" ake kiransa, da sunan mai kamfani. A 1915 albashinsu dala 27.50 ne a wata, sauran sai abin da fasinja ya ga dama. Wanda ya je gaban hukumar binciken gwamnati a shekarar ya amsa tambayoyi a kan wannan albashi shi ne shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Robert Todd Lincoln, ɗan shugaban ƙasar da ya yi shelar 'yanta bayi. Sai a 1925 ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ƙarƙashin A. Philip Randolph, kuma sai da suka shekara goma sha biyu suna fama kafin kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da su a 1937.

Amurkawa sun yi yunƙurin kashe al'adar da gaske. An kafa ƙungiyar yaƙi da tukuici a jihar Jojiya a 1904. Jihar Washington ta haramta shi a 1909, jihohi irin su Mississippi da Arkansas da Iowa da Tennessee da South Carolina suka bi sahu. Dokokin ba su yi aiki ba, domin ba ɗan sandan da zai tsaya a kan kowane tebur, kuma zuwa 1926 duk an soke su. Haramcin sayar da giya da ya fara aiki a 1920 ya ƙara dagula lamarin: otal-otal da gidajen abinci sun rasa babbar hanyar samun riba, sai suka rungumi duk abin da zai rage musu nauyin albashi. A 1966 majalisar dokokin ƙasar ta shigar da abin cikin doka, ta yarda mai gidan abinci ya lissafa tukuici a matsayin wani ɓangare na albashi mafi ƙanƙanta. Shi ya sa har gobe dokar tarayya ta amince a biya mai kai abinci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali na sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Doka ta ce in tukuicin bai cike giɓin ba mai gida ya cike, amma ka san yadda irin wannan ke kasancewa tsakanin mai gida da yaronsa. Jihohi bakwai, ciki har da Kalifoniya da Nevada da Minnesota, ba su yarda da wannan ragin ba. Saboda haka Ba'amurken da ke barin kashi 20 cikin ɗari a kan tebur ba wai ya fi Bafaranshe kyauta ba ne. Albashi yake biya, kuma ya san haka.

Turai, inda abin ya samo asali, ta bi wata hanyar. Faransa ta yi doka a 1933 cewa kuɗin hidimar da aka karɓa daga abokin ciniki dole ya isa hannun ma'aikatan da suka yi hidimar, kuma yau farashin da ke rubuce a takardar abinci ya haɗa da ladan hidima, abin da mutum ya bari na canji ganin damarsa ne. Birtaniya ta hana lissafa tukuici cikin albashi mafi ƙanƙanta a 2009, sannan daga 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta wa masu gidajen abinci su miƙa shi ga ma'aikata cif-cif ba tare da yanke komai ba. A Japan kuwa in ka bar kuɗi a tebur, mai yiwuwa a biyo ka da gudu a ce ka yi mantuwa. Ostareliya ta ɗora tsarinta a kan albashin da zai riƙe iyali tun hukuncin kotun ƙwadago na 1907, don haka mutanenta ba su tashi da al'adar ba. A Masar, wanda ya je ya san bakshish, ana bayar da shi kaɗan-kaɗan a kusan kowace ƙofa.

Jirgin ruwa shi ne inda duk waɗannan mutane ke haɗuwa a ɗakin cin abinci ɗaya. A zamanin manyan jiragen da ke ratsa tekun Atlantika tsakanin Ingila da New York, irin na kamfanin Cunard da ya fara jigila a 1840, masu hidimar ɗakunan manya sun dogara da abin da fasinja zai ba su a ƙarshen tafiya. Da jirgin sama mai injin jet ya ƙwace wannan kasuwa daga 1958, sai jiragen ruwa suka koma sayar da hutu maimakon sufuri, cibiyar harkar kuma ta koma Miami. Kamfanin Carnival ya fara a 1972 da tsohon jirgi guda ɗaya, Mardi Gras, wanda ya kafe a yashi a fitarsa ta farko. Fasinjojin Amurkawa ne, don haka al'adar Amurka aka ɗauka.

Shekaru da dama tsarin ambulan ake bi. Ana gobe sauka, fasinja zai tarar da 'yan ambulan a ɗakinsa, kowace da wanda za a ba: mai gyaran ɗaki, mai kai abinci, mataimakinsa, shugabansu. Tunda tebur ɗaya mutum ke zama duk tsawon tafiyar, ya san wanda ya yi masa hidima, ya san har sunan 'ya'yansa. A daren ƙarshe sai a yi musabaha, ambulan ta wuce daga hannu zuwa hannu. Tsarin yana da nasa aibin. Ma'aikata sun san kujerun da kan zama wayam a daren ƙarshe, masu su sun sulale sun ci abinci a wani wuri don kada a haɗa ido. Mai wanke kwanuka da mai wankin zannuwa da ke can ƙasan jirgi kuwa ba mai ganinsu balle ya tuna da su.

A shekarar 2000 kamfanin Norwegian ya fito da tsarin cin abinci a duk lokacin da mutum ya so, a duk ɗakin da ya so. Tunda ba sauran tebur na dindindin, ba sauran wanda za a miƙa wa ambulan, sai aka koma rubuta kuɗin kai tsaye a asusun fasinja kowace rana. Sauran kamfanoni suka ga abin ya yi, suka bi. An ce an yi ne don sauƙaƙa wa fasinja da kuma adalci ga na bayan fage, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai daga ranar kuɗin ya daina bi ta hannun fasinja zuwa na ma'aikaci. Yanzu asusun kamfani yake fara shiga, kamfani ne ke kasafta shi, rasit ɗin fasinja kuma ba ya nuna nawa ne ya hau kan albashin mutum, nawa ne aka yi amfani da shi wajen cika albashin da dama an yi masa alkawari.

A nan ne batun tuta ke shigowa. Manyan kamfanonin suna da ofisoshinsu a Florida, amma jiragen suna ɗauke da tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bermuda, kamfanin Royal Caribbean kansa kuma a Laberiya aka yi masa rajista. Dokar albashi ta Amurka ba ta hawa kan ma'aikacin jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa. Abin da ke kare shi shi ne yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2013, ita kuma Amurka ba ta amince da ita ba har yanzu. Yarjejeniyar ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. Ka juya lissafin ka gani: mutum na iya yin aikin awa 91 a mako ba a karya doka ba. Kwantiragi kan kai wata shida zuwa tara, yawanci ba ranar hutu ko ɗaya. Ɗan Filifin kuma dokar ƙasarsa ta ɗora masa aika kashi 80 cikin ɗari na ainihin albashinsa gida. Duk da haka mutane na layi suna neman aikin, domin abin da za a tara a wata takwas ya fi na shekaru a gida, ga ci da kwana kyauta. Wannan ma gaskiya ce da masu sukar tsarin kan tsallake.

Inda fasinjoji ba Amurkawa ba ne, tsarin kan yi tuntuɓe. Jaridar Guardian ta ruwaito a 2012 cewa ainihin albashin wasu masu kai abinci a jiragen P&O na Birtaniya bai wuce fene 75, wato kashi uku cikin huɗu na fam ɗaya, a awa ba, kuma Indiyawa kusan 150 da suka yi ɗan gajeren yajin aiki a jirgin Arcadia a tashar Seattle ta Amurka saboda raguwar tukuici ba a sake ɗaukarsu aiki ba. Fasinjan Ingila bai saba ba, na Ostareliya ma haka, sukan yi layi a kantar karɓar baƙi su ce a cire musu kuɗin. Daga baya da yawa daga jiragen da ke tashi daga Ostareliya suka shigar da shi cikin kuɗin tikiti, P&O na Birtaniya ma ya daina karɓarsa a watan Mayun 2019. Jiragen masu hannu da shuni irin su Silversea da Seabourn dama can a cikin tikiti yake. Wato ana iya yi. Abin da ke hana a yi a kasuwar Amurka shi ne talla: wanda ya fara zuba dala 130 a kan farashin mako, tikitinsa zai fi na maƙwabcinsa tsada a idon mai duba intanet, ko da a ƙarshe kuɗin ɗaya ne.

Annobar korona ta tona asirin tsarin fiye da duk wani rahoto. Da hukumar lafiya ta Amurka ta dakatar da tashin jirage a tsakiyar Maris ɗin 2020, dubban ma'aikata suka maƙale a teku wata da watanni, ba fasinja, saboda haka ba tukuici. Da harka ta dawo, kuɗin da ake rubuta wa fasinja a rana sai ƙaruwa yake yi.

A ranar 1 ga Yulin 2024 wata doka ta fara aiki a Kalifoniya da ta hana ɓoye kuɗaɗen dole a bayan farashin talla. Manyan kamfanonin jiragen suka bi, suka shigar da haraji da kuɗin tashar ruwa cikin farashin da suke nunawa. Tukuicin ma'aikata kuwa ya tsira a waje, domin a mafi yawan jiragen fasinja na da damar zuwa kanta ya ce a rage ko a cire, kuma muddin wannan dama tana nan, a idon doka ba kuɗin dole ba ne.