Aman jini ba jifa ba ne, hanya ce ta toshe a hanta

Salam jama'a. Satin nan aka kawo mana wani bawan Allah asibiti, ciki ya yi kamar tulu, yana aman jini a kwano, 'yan uwa na ta cewa wai jifa ce, har sun kwashe wata biyu suna yawon gidan masu magani. Abin ya tsaya min a rai shiyasa nace bari in ɗan yi bayani.

Ita hanta ta hanya biyu jini ke shigo mata. Akwai wata babbar jijiya da ke kwaso jini daga hanji da tumbi da saifa, mafi yawan abinda ka ci ko ka sha sai ya bi ta nan hanta ta tace, wannan jijiyar kaɗai ke kawo kusan kashi 3 cikin 4 na jinin. Ragowar kuma daga ɓangaren zuciya yake zuwa ta wata jijiyar. In ka haɗa, wajen lita ɗaya da rabi ne duk minti fa! Kuma ikon Allah, in jinin da ke zuwa daga hanji ya ragu, sai ta zuciyar ta buɗe da kanta ta cike wani ɓangare na gurbin.

To matsalar ita ce in hanta ta taurare, ko saboda ciwon hanta nau'in B da ya jima ba a sani ba, ko giya, ko tsargiyar hanji irin wadda ake ɗauka wajen wanka a dam da aikin fadama. Jini zai zo ya tarar hanya ta matse, kamar kwata da leda ta toshe da damina, sai ya ja baya, saifa ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, shi kuma jinin ya kama ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin maƙoshi masu siririn bango, ran da ɗaya ta fashe shine aman jinin nan, wani kuma bayan gida zai ga ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta.

Wanda ya ga haka don Allah kar a tsaya jiƙe-jiƙe, kar a siyo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis, ƙara zubar jinin suke. Asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Ku je a gwada ku ciwon hanta B, ku da iyalanku. Jariri kuma a kai shi allurar rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu, kar a ce sai bayan suna.