Waiwaye: Yadda Aka Gano Cewa Yaranmu Ma Suna Kamuwa da Amosanin Gaɓɓai

A unguwannin Agege da Idi-Araba da Mile 12 na Legas, idan yaro ya wayi gari gwiwarsa a kumbure, abin da iyaye ke fara zato shi ne targaɗe, sai a kai shi wurin mai ɗori. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sikila ce, ko sanyin ƙashi, wasu kuma su ce sammu ne. Ba kasafai ake kawo cewa garkuwar jikin yaron ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓinsa ba, domin mu a saninmu amosanin gaɓɓai ciwon tsofaffi ne.

Su ma likitoci sun daɗe da wannan zaton. Sai a 1897 ne George Frederic Still ya wallafa bayanin yara 22 masu kumburin gaɓɓai mai daɗewa, waɗanda ya duba yawancinsu a asibitin Great Ormond Street da ke Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Eric Bywaters da Barbara Ansell suka shafe shekaru suna kula da irin waɗannan yara a Taplow ta Ingila, daga nan fannin ya tsaya da ƙafafunsa. A 1992 gwaji ya tabbatar da amfanin maganin methotrexate ga yara, a 1999 kuma Amurka ta amince a ba su allurar etanercept. A yau ana kiran ciwon amosanin gaɓɓai na yara (JIA a Turance) ne idan ya fara kafin shekara 16 kuma kumburin ya kai mako shida ba tare da wani sanadin da aka gano ba.

Labarin Najeriya ya bi wata hanya dabam. A 1968, Brian Greenwood, wanda ke aiki a Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan da garkuwar jiki ke haddasawa ba su da yawa a nan, yana ganin mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro da makamantansa ne ke dakushe su. Bincike ne na gaskiya a zamaninsa, amma a ganina ya bar baya da ƙura, domin likitan da aka koya wa cewa cuta ba ta ƙasarsa ba zai neme ta a jikin majinyaci ba. A nan Legas, Farfesa Olufemi Adelowo da ɗalibansa a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja suna cikin waɗanda suka sauya wannan tunani, inda suka tattara bayanan yaran da suka gani da amosanin gaɓɓai da cutar lufus (ita ma garkuwar jiki ce ke haddasa ta), suka nuna cewa da yawa sukan iso asibiti ne bayan dogon jinkiri. A 2019 aka kafa ƙungiyar PAFLAR domin haɗa likitocin yara masu wannan fanni a faɗin Afirka da kuma horar da sababbi.

Jinkirin nan shi ne ya fi damuna. Ƙwararru ƙalilan ne, magungunan zamani kuma suna da tsadar da ta fi ƙarfin ɗan dako ko mai sayar da tumatur. Saboda haka uba kan sayo maganin rage kumburi na prednisolone a kemis, ciwo ya lafa, a yi ta bai wa yaro wata da watanni har fuskarsa ta kumbura, girmansa ya tsaya, ƙashinsa ya yi rauni. Akwai kuma kumburin cikin ido da kan raka wannan ciwo ba zafi ba ja, wanda in ba likitan ido ya duba da na'ura ba, yana iya cinye ganin yaro.

Horar da ƙwararre ɗaya na ɗaukar shekaru, amma akwai gajeren gwajin gaɓɓai mai suna pGALS da Helen Foster da abokan aikinta suka tsara a Newcastle a 2006, wanda ba ya buƙatar wata na'ura, kuma ba ya wuce 'yan mintoci: a sa yaro ya yi tafiya, ya ɗaga hannuwa, ya dunƙule yatsu, ya buɗe baki, ya sunkuya. Koyar da shi ga ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwanninmu, tare da fassara umarninsa zuwa Hausa saboda uwayen da ba sa jin Turanci ko Yarbanci, abu ne da hukumomin lafiya na jihar Legas za su iya farawa ba tare da jiran kowa ba.