Mene ne "Bloodline", kuma me ya kai 'yan Tonga ciki?

Duk mai kallon resilin na kamfanin WWE ya saba jin sunan Bloodline. Kalmar Turanci ce da ke nufin tsatso, zuri'ar da jini ɗaya ya haɗa. A fagen kokawa kuwa, sunan ƙungiyar da ta taru a bayan Roman Reigns ne tun daga 2021, da shi da tagwayen nan Jimmy da Jey Uso, kafin ƙanensu Solo Sikoa ya shigo a 2022. Dukkansu 'yan gidan Anoa'i ne, asalinsu Samoa.

Ruɗanin ya fara ne a 2024. Da Cody Rhodes ya ƙwace kambun Roman a WrestleMania 40, babban wasan shekara na WWE, sai Solo ya karɓe ragama, ya kori Jimmy, ya kawo Tama Tonga a watan Afrilu, a watan Mayu kuma Tonga Loa ya bayyana a birnin Lyon na Faransa. Masu kallo da dama suka ɗauka su ma jikokin Anoa'i ne. Ko kusa. Tonga ƙasa ce mai zaman kanta, da sarkinta da harshenta, kuma waɗannan suna da nasu gidan, gidan Haku.

Haku, wanda sunansa na asali Tonga Fifita, an haife shi a 1959. Yana matashi, a 1974, Sarkin Tonga ya tura shi Japan tare da wasu samari su koyi kokawar sumo. Daga can ya koma resilin. A ƙarshen 1989 shi da André the Giant suka ɗauki kambun kokawar bibbiyu na WWF (tsohon sunan WWE), daga baya ya yi suna a kamfanin WCW da laƙabin Meng. Har yau tsofaffin 'yan wasa suna ambatonsa cikin waɗanda ake shakka ko a wajen fage.

Tonga Loa ɗan cikinsa ne. Tama Tonga da ƙanensa Hikuleo kuwa 'ya'yan riƙo ne, daga dangi ya ɗauko su ya raine su a gidansa, kuma ba wanda ke bambanta su.

To me ya ba su gurbi a ƙungiyar? Zumunci, ba jini ba. Haku ya daɗe da shaƙuwa da gidan Maivia, dangin mahaifiyar The Rock, har The Rock kawu yake ce masa. Shi kansa The Rock ɗin, dangantakarsa da gidan Anoa'i ta samo asali ne daga alkawarin 'yan uwantaka da kakansa Peter Maivia ya ƙulla da Amituana'i Anoa'i. Ke nan tun farko tsatson da ake magana a kai ya haɗa da amana da riƙo.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ɗaukar 'ya'yan Haku tamkar 'yan rakiyar Solo. Tama Tonga na cikin mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar Bullet Club a kamfanin New Japan a 2013, tare da Prince Devitt (Finn Bálor na yanzu), Karl Anderson da Bad Luck Fale. Shi da ɗan uwansa Tonga Loa, da sunan Guerrillas of Destiny, sau 7 suna ɗaukar kambun bibbiyu na IWGP, wato na kamfanin New Japan. Sama da shekara 10 Tama ya yi yana gumi a Japan kafin ya taka dandalin SmackDown na WWE. Ba aron suna suka zo yi ba.

A watan Yunin 2025, a Riyad, Hikuleo ya bi sahun yayyensa da sabon suna Talla Tonga, ya taimaki Solo ya doke ɗan uwansa Jacob Fatu. A shekarar 2025 ɗin, a wannan ɓangaren na Solo, 'ya'yan Haku uku sun fi jinin Anoa'i yawa.