Waiwaye: Kambin da ke faɗin shekarun lambobin yabon mayaƙan saman Sifaniya

Masu tara lambobin yabon mayaƙan saman Sifaniya, idan aka miƙa musu wata lamba a kasuwar El Rastro ta Madrid ko a wajen gwanjo, kambin da ke samanta suke fara duba. Shi ke faɗin zamanin da aka ƙera ta, domin kusan duk lokacin da mulki ya sauya hannu a ƙasar, sai an taɓa kambin.

Abin ya faro ne a 1913, shekarar da aka kafa sashen jiragen sama na soja, bayan an buɗe filin horo na Cuatro Vientos a 1911. A shekarar ce Gimbiya Beatriz, matar Yarima Alfonso de Orleans wanda shi kansa matuƙi ne, ta zana bajon matuƙa: fukafukai biyu, da jan da'ira a tsakiya, da kambin sarauta a sama. Har yau Rokiski ake ce masa, sunan wani maƙeri da ya shahara da ƙera shi.

Wannan shekarar dai ita ce aka kai jiragen zuwa Tetuan a arewacin Maroko, kuma a watan Disamba suka fara sakin bama-bamai. Bayan mummunan kayen da mayaƙan Abdulkarim, jagoran mutanen yankin Rif na arewacin Maroko, suka yi wa Sifaniyawa a Annual a 1921, jiragen sun zuba iska mai guba a kan ƙauyuka da kasuwannin Rif. Da yawa daga lambobin farko a wannan yaƙin aka samo su, kuma a ganina bai kamata mai ajiye su ya kau da kai daga wannan ba.

A 1926 Ramón Franco da abokansa suka tsallaka Tekun Atlantika zuwa Buenos Aires a jirgin Plus Ultra, kuma a shekarar aka ƙirƙiro lambar yabo ta Medalla Aérea, wadda ba kowa ake bai wa ba. Da jamhuriya ta zo a 1931 sai aka tuɓe kambin sarauta. Yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya raba matuƙan gida biyu, 'yan jamhuriya suka ɗora jan tauraro a bajonsu. Nasu ne ya fi wuyar samu yanzu, saboda wanda aka ci da yaƙi ba ya ajiye abin da zai kai shi kurkuku. Wasu suka jefar, wasu suka tsere da shi gudun hijira. Ƙarancin ne ya sa jabu suka yi yawa, don haka masu saye kan fi daraja lambar da ta zo tare da takardar shaida da sunan mai ita.

Gwamnatin Janar Francisco Franco ta mayar da mayaƙan sama runduna mai zaman kanta a 1939, ta kuma kafa lambar yabo ta Cruz del Mérito Aeronáutico a 1945, da kambi buɗaɗɗe irin na tsoffin sarakuna. Bayan mutuwarsa a 1975 rufaffen kambin sarauta ya dawo. A yau launi huɗu ake ba da wannan lambar: ja, shuɗi, rawaya da fari, kuma farar ce ta fi yawa a hannun masu sayarwa.